Me ya kai Tarayyar Sobiyat Afganistan, kuma me ya hana wutar mutuwa bayan ta fita?

Malama Bolari:
Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Gombe. Jiya muna darasi kan yaƙin cacar baka, sai wata ɗaliba da iyayenta suka gudo da ita daga Gwoza tun tana ƙarama ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in sojojin Sobiyat suka bar Afganistan a 1989, me ya sa mutanen da suka gudu ba su koma gida ba?" Wallahi sai na rasa bakin magana. Shekarun na sani, amma ban san cikin labarin ba. Iyayenmu da suka ga zamanin, a taimaka mini.

Dattijon Wunti:
Wa alaikumus salam, 'yata. Lokacin ina ƙaramin akawu a Bauchi, Shagari bai cika wata uku a kan mulki ba, Tatari Ali na gwamna. Da daddare mukan kewaye rediyo mu murɗo BBC, sannan mu murɗo sashen Hausa na Rediyon Mosko, kowa da nasa zancen.

Tushen abin 1978 ne, da 'yan gurguzun Afganistan suka kashe Shugaba Dawud Khan suka karɓi mulki. Suka shiga raba gonaki da ƙarfin tsiya, suna kama malamai da masu gari, ƙauyuka suka yi bore. Su kansu kuma ba su jituwa: Hafizullah Amin ya kawar da shugabansu Nur Muhammad Taraki a 1979. Brezhnev, shugaban Sobiyat, ya ji tsoron kada gwamnatin gurguzu ta faɗi a bakin iyakarsa, kuma bai yarda da Amin ba. Ranar 27 ga Disamba 1979 sojojinsa suka afka fadar Amin a Kabul suka kashe shi, suka ɗora Babrak Karmal.

Har nan ƙurar ta iso. Shugaban Amurka Jimmy Carter ya turo Muhammad Ali Afirka, har Legas, ya lallashe mu mu ƙaurace wa wasannin Olympics na Mosko a 1980. Najeriya dai ta je abinta.

Injiniya Jekadafari:
Alhaji ya ba ki tushe, Malama. Ni bari in faɗi abin da idona ya gani. Na yi karatun aikin ban-ruwa a Tashkent, babban birnin Uzbekistan ta Sobiyat, daga 1982 zuwa 1987, kuma ta wannan birni ake kwaso waɗanda suka ji rauni a yaƙin. A talabijin sai ka ga soja yana dasa itace ko yana raba wa yara burodi, a tashar bas kuma ka ga yaro ɗan shekara 20 da sanda, ƙafa ɗaya babu.

Akwai wata dattijuwa Ba'uzbekiya, Musulma, mai tsaron ƙofar ɗakunan kwananmu. Ita ke ajiye mini shayi in na dawo cikin sanyi. A 1984 aka kawo mata ɗanta cikin akwatin ƙarfe a liƙe, ba a bari ta buɗe ba. Abin da ya fi cin ranta, ba ta ga fuskarsa ba, ba a kuma yi masa wanka ba. Tun daga ranar na daina ganin yaƙin nan kamar ƙwallo, wannan gefe da wancan. Sojan Sobiyat kusan 15,000 suka mutu. Na Afganistan kuwa ana ƙiyasta kusan mutum miliyan ɗaya, fiye da miliyan biyar suka yi gudun hijira zuwa Pakistan da Iran.

Ga amsar ɗalibarki ta fuskar sana'ata. Manoma da yawa a Afganistan da kariz suke rayuwa, wato rijiyoyi ne a jere da aka haɗa da rami ta ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya gangaro daga gindin dutse har gona. Aikin kaka da kakanni ne, kuma kowace shekara sai an yashe. Bama-bamai suka rusa da yawa, masu yashewar suka gudu, sauran suka cike da ƙasa. Aka kuma watsa nakiyoyi a gonaki da hanyoyin kiwo, har da wasu ƙanana masu siffar malam-buɗe-littafi da yara kan ɗauka a zaton abin wasa ne. To wa zai kwaso iyalinsa ya koma gonar da ba ruwa, garma kuma na iya tono masa ajali? Da yawa cikin waɗanda suka zauna sai suka koma noman furen da ake yin hodar iblis ta heroin da shi, domin ba ya shan ruwa sosai kuma kuɗinsa a hannu.

Ɗan Azare:
Baba Injiniya, a gafarce ni, amma ai mujahidai sun yi abin tarihi. Talakawa da tsofaffin bindigogi suka kori babbar daula, bayan shekara biyu ma ta wargaje.

Injiniya Jekadafari:
Jarumtarsu ba ta da musu, ɗana, musamman irin tsayuwar da kwamandansu Ahmad Shah Mas'ud ya yi a kwarin Panjshir. Amma ba da tsofaffin bindigogi kaɗai ba ne. Amurka da Saudiyya suka zuba kuɗi, Pakistan ta Ziya'ul Haƙ ke raba makaman ga ƙungiyoyin da ke Peshawar, kuma daga 1986 aka ba su Stinger mai kakkaɓo jirage masu saukar ungulu. A shekarar ne Gorbachev, shugaban Sobiyat na lokacin, ya kira yaƙin da rauni mai zubar da jini. Aka sa hannu kan yarjejeniyar janye sojoji a Geneva a 1988, sojan ƙarshe ya haye gadar kogin Amu Darya ranar 15 ga Fabrairu 1989. Rushewar Sobiyat kuwa tana da wasu dalilan, ni na tsaya a layin sayen nama, kuma farashin mai ya faɗi a 1986.

Abin da ke damuna shi ne bayan nan. Masu ba da makamai suka juya baya, ba wanda ya karɓe makaman. Najibullah, shugaban da Sobiyat ta bari a Kabul, ya faɗi a 1992, sai waɗanda suka yi sallah sahu ɗaya suka juya wa juna rokoki, har unguwannin Kabul suka zama kufai. Yaran da suka tashi a sansanonin hijira na Pakistan, ba gona ba sana'a, da yawansu su ne Taliban da suka kama Kabul a 1996.

Malama Bolari:
Allah ya saka da alheri, iyayena. Ranar Litinin zan zana musu kariz a allo, na san yarinyar za ta gane, domin su ma gonarsu tana can ba mai nomawa. Baba Injiniya, ita dattijuwar fa?

Injiniya Jekadafari:
Tana nan a bakin ƙofarta har na gama. Ranar da zan taho ta ba ni hular ɗan nata, ta ce in na isa ƙasarmu in sa a yi masa addu'a a masallaci. Na kai saƙon masallacin unguwarmu Juma'ar farko da na sauka Gombe, hular kuma tana cikin akwatina.