Neman shawara: asibiti biyu, sakamakon gwajin huhu biyu, wanne zan ɗauka?

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Kuala Lumpur, ni Bakano ne, maiɗakina 'yar Maleshiya. Ɗanmu mai shekara 9 yana fama da tarin dare, in ya yi gudu kuma numfashinsa ya riƙa fita da ƙara. Likita na zargin asma, aka sa shi ya busa iska a na'urar gwajin huhu. Takarda ta ce FEV1 kashi 76 cikin 100. Hankalinmu ya tashi, muka je wani asibitin, can aka ce 83, wai ba matsala. Da na jera takardun sai na ga litar iskar da ya busa kusan ɗaya ce. Abin da ya bambanta, ta farko ta sa shi a rukunin Turawa, ta biyu a na Kudu maso Gabashin Asiya. Yaron nan ba Bature ba ne, kuma rabinsa Bahaushe ne. Don Allah masana, wacce ce gaskiya?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hanif lafiya. Ka bari Dakta ta shigo, fagenta ne.

Dakta Ummu Sadik: Malam, kwantar da hankalinka, huhun yaron bai canza ba tsakanin asibitin nan da wancan, ma'aunin ne aka canza. FEV1 shi ne iskar da ya iya fitarwa a daƙiƙar farko, FVC kuma duk wadda ya fitar har ƙarshe. Kason da ka gani kwatantawa ce da abin da ake sa ran yaro mai lafiya, mai tsayinsa, shekarunsa da jinsinsa (namiji ko mace) zai busa. To wane yaro mai lafiya? Nan gizo ke saƙar.

Na'urori da yawa suna aiki da jadawalin GLI (wani shirin masana huhu na duniya) na 2012, wanda aka gina daga gwajin dubban masu lafiya daga shekara 3 zuwa 95. Rukuni huɗu ya ware: Turawa, baƙaƙen fatar Amurka, Arewa maso Gabashin Asiya, wato Koriya da arewacin Sin, sai Kudu maso Gabashin Asiya, wato Tailan, Taiwan, Hong Kong da kudancin Sin. Akwai na biyar da aka tanada wa masu gaurayen asali da waɗanda ba su faɗa ko'ina ba. Yaran Koriya da arewacin Sin suna dab da Turawa. Na kudu kuwa, a tsayi ɗaya, FEV1 ɗin mazansu yana ƙasa da na Turawa da kusan kashi 9 zuwa 10, na baƙaƙen fatar Amurka da kusan kashi 15. Ka ga inda tazarar 76 da 83 ta fito. Indiya, Pakistan da Bangaladash ba su da rukuninsu a ciki, mu ma na Afirka ta Yamma haka. Saboda haka babu rukunin da aka yanka daidai da Hanif.

Abu Mus'ab: Dakta, a yi haƙuri, ni wannan ya yi min kama da wariya. Yaya za a ce ƙaramin huhu daidai ne ga ɗan Asiya ko baƙin mutum? In yunwa ko hayaƙi ne ya tauye shi fa, sai a ce ai haka jinsinsu yake?

Dakta Ummu Sadik: Maganarka tana kan hanya, Malam Abu Mus'ab, kuma likitocin huhu sun daɗe suna wannan muhawarar. Wani ɓangaren bambancin siffar jiki ce: yara biyu masu tsayi ɗaya, mai dogayen ƙafafu gangar jikinsa ta fi gajarta, ƙirjinsa ya fi ƙanƙanta. Wani ɓangaren kuma rashin abinci mai gina jiki ne, haihuwa da ƙarancin nauyi, hayaƙin girki da gurɓatacciyar iska. Saboda tsoron kada a ɓoye cuta da sunan asali aka fito da GLI Global a 2022, wanda ba ya tambayar jinsi na launin fata, kuma a 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a koma kansa. Ni ina ganin ya fi dacewa da yaro irin Hanif, duk da shi ma matsakaicin rukunonin nan ne aka ɗauka.

Kawu Ɗanlami: A haɗa masa zuma da habbatus sauda safe da yamma.

Maman Ilham: Kawu, a sha zuma, amma kada a ajiye inhela saboda ita.

Yaya Nas: Ni nake yi wa yara wannan gwajin a wurin aikina. Baban Hanif, an auna tsayinsa ba takalmi, ko tambayarka aka yi? Kuskuren santimita kaɗan yana motsa kason. Sannan ana son busawa mai kyau aƙalla uku masu kusanci da juna. Idan yana mura, ko lokacin hazon gobarar dajin Sumatra ne da ke rufe muku gari, sakamakon na iya sauka. Ka tambaya awa nawa zai yi bai shaƙi inhela ba kafin gwajin.

Baban Hanif: Allah ya saka da alheri. A na farko tambayata aka yi tsayinsa. Dakta, to me zan nema idan mun koma?

Dakta Ummu Sadik: Ka daina kallon kashi 80, da aka saba ɗauka, a matsayin iyakar lafiya. Ka nemi makin z, wato lambar da ke nuna nisan sakamakonsa daga matsakaicin masu lafiya irinsa: abin da ya yi ƙasa da -1.645 shi ne ya fita daga daidai. Ka duba FEV1/FVC, wato FEV1 a raba da FVC, don shi asali bai cika taɓa shi ba, kuma shi ke nuna ko hanyoyin iska sun tsuke, wanda shi ne tambayar asma. Ka roƙa a ba shi salbutamol, maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska, a jira kamar minti 15 a sake busawa. In FEV1 ya tashi da fiye da kashi 12, alama ce mai ƙarfi. Kuma 83 ba ta wanke shi ba, yaro mai asma yana iya busa daidai ranar da yake lafiya, tarin daren nan dole a bi shi. Ku tsaya a asibiti ɗaya da jadawali ɗaya, a rubuta sunan jadawalin a katinsa, don a riƙa gwada Hanif na bana da Hanif na bara. In ka ga yana kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓansa sun sauya launi, wannan na gaggawa ne, a kai shi asibiti nan take.