Masu dabon da ke ratsa Maradi: wa ya taɓa zama da su?

Ɗan Mokoyo: Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka taɓa hulɗa da masu dabo ce, ba kallo kaɗai ba. A da, da wuya Litinin ko Juma'a ta wuce ba ka ga an yi da'ira bakin babbar kasuwa ba, kalangu na tashi, mutum na fiddo ƙwai daga hula. In an watse, yaya suke rayuwa?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Na sha ɗaukarsu lokacin da nake tuƙi. Mai dabo ba ya daɗewa gari guda, don da zarar yara sun ga wasa sau biyu sai su fara leƙen hannun rigarsa. Kasuwanni yake bi: Tibiri, Madarumfa, Tasawa, wani lokaci ya bi ta Ɗan Isa ya tsallaka Jibiya. Da kaka suke samu, lokacin da manomi ya saida wake da gyaɗa. Damina na faɗuwa da yawansu gona suke komawa. Akwatinsu kuwa ba ya hawa saman mota, bisa cinya suke riƙe shi har a sauka.

Inna mai tuwo: Alhaji ka faɗi gaskiya. Wurina suke cin abinci in sun sauka tasha. Wanda da rana ya maida takarda ta zama jaka goma, shi ne da dare ke roƙona in ƙara mishi miya kan tuwon dala ashirin. Dabon na tara jama'a ne kawai. Kuɗin yana wurin maganin basir da na shawara da suke saidawa in taro ya cika.

Tela daga Zariya: Inna, ni na yi wa wani mai dabo aikin yaron akwati tun ina ɗan saurayi, rani guda. Aikina in riga shi isa kasuwa, in shige cikin mutane kamar ban san shi ba. In ya nemi wanda zai ba da zobe, ni ke miƙawa, alhali irinsa na cikin burodin da ya saya tun da safe. Haɗiyar reza ma na san kanta: an dakushe bakinsu da dutse, kuma akwai wasu da aka riga aka zarga wa zare, a naɗe cikin kuncinsa. Amma kada a raina aikin. Bayan sallar asuba sai ya zauna yana juya kwabo tsakanin yatsu har rana ta ɗaga, kullum. Abin da ya fi tsoro ba jandarma ba ne, yaro ne mai hawa bisa katanga ya hango shi ta baya.

Mushe (malamin makaranta) mai ritaya: Abin ba na yau ba ne. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura mai dabonta Robert-Houdin zuwa Aljeriya don ya dusashe kwarjinin malaman da ke zuga mutane a kanta. Ya kawo ɗan akwati da ƙato ya kasa ɗagawa, ashe maganaɗisun lantarki ne ƙarƙashin dandamali. A Najeriya kuma an yi Farfesa Peller, wanda ya yi tashe har ƙasashen waje, aka harbe shi a gidansa a 1997.

Malami daga Limanci: Mushe, saurin hannu daban, sihiri daban, wannan mun yarda. Damuwata mai cewa aljanu ke yi masa aiki, sannan bayan wasa ya ja mutum gefe ya ce kawo jaka hamsin in ninka maka. Maƙwabcinmu kuɗin akuyarsa ya tafi haka.

Tela daga Zariya: Allah gafarta Malam, maigidana bai taɓa karɓar kuɗin ninkawa ba, amma maganar aljanu kam yana yin ta. Cewa yake in ya ce hannu ne kawai, ba mai jefa ko dala a ƙwarya.

Ɗan Mokoyo: Yaya tela, yana raye har yanzu?

Tela daga Zariya: Labarinsa na ƙarshe da na ji, ya bar dabon yana saida maganin gargajiya wajen Dakoro. Yatsun ne suka fara rawa.