Torque da Hausa: ƙarfin murɗi ko awon ɗauri?

Jama'a, kalma nake nema. Ran Alhamis muna dawowa daga kasuwar Maigatari, kafin mu kai Gumel tayar baya ta Corolla ɗin yayana ta fara ƙara kamar ana daka. Sati guda ke nan da ya sa mata sababbin rim na aloi, wato na alminiyam, a Kano. Muka tsaya wajen mai faci, ashe notuka biyu sun saki har yatsa na juya su. Yaron shagon ya zura fayif a wil sifana, ya haye da ƙafa biyu zai yi tsalle. Na ce tsaya, akwai torque da kamfani ya ƙayyade. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, mene ne tok?" Na rasa ta cewa.

Na ce matsi, ya nuna mini gejin iska. Da gaskiyarsa, matsi na iskar taya ne. Wani dattijon direba da ke kan benci ya ce, "Ɗana, ai ɗauri ne, ka ce ƙarfin ɗauri." Ya kusa. Sai dai injin mota ma yana da torque, kuma can ba abin da ake ɗaurewa. Abin da suka haɗu a kai shi ne murɗawa.

Shi ya sa na fi karkata ga ƙarfin murɗi. Nauyin da ka ɗora ne sau tsawon hannun sifana. Ka rataya kilo 20 a bakin sifana mai rabin mita, ka ba da kusan Nm 100 (Nm, wato newton-mita, shi ne ma'aunin torque). A notin taya, Corolla 103 take so, Honda da yawa 108. Shi kuwa yaron nan, in yana da kilo 60 ya hau fayif mai mita ɗaya, ya kusa 600 tun bai yi tsallen ba. Haka ake miƙar da ƙusar da noti ke hawa, a cinye tiredi, wato haƙoranta, ranar faci a daji kuma noti ya ƙi kwancewa ko ya karye.

Tamu matsalar ma ba rashin ƙarfi ba ne. Notukan Toyota na asali aka mayar, masu shimfiɗaɗɗen zoben ƙarfe (washa) a gindi, alhali ramin rim ɗin kasuwa kamar mazurari yake, noti mai tsinin gindi yake so. Ko ƙato ya ɗaure, bai zauna ba. Aloi kuma ana ɗaure shi a tsallake, noti ɗaya sai wanda ke fuskantarsa, ba a shafa wa tiredi giris, sannan a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100.

Yayana bai yarda da murɗi ba, wai yana tuna masa murɗiyar zaɓe da ciwon ciki. Na ce to mu raba: ƙarfin murɗi ya zama sunan abin a ilimance, adadin da littafin mota ya ba noti kuma mu ce awon ɗauri. Wannan kam dattijon direban ya karɓa.

Saura sunan sifanar da ake ɗaure noti da ita daidai adadin, wato torque wrench. Ni na ce sifana mai awo. Da na kwatanta wa yaron yadda take ƙara in ta kai adadi, ya ce, "Au, sifana mai ƙas?" Ina jin tasa ce za ta bi gari. Makanikan Haɗeja da Kazaure, ku me kuke ce mata?