Gudun harsashin bindigata ta airsoft ya ƙi daidaita

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Gombe nake neman taimakonku. Na sanya wa bindigata ta airsoft mai batir (bindigar wasa mai harba harsashin roba da ƙarfin iska) sifirin M120 (lambar ƙarfin sifirin ke nan) da sabon fistin, amma tun daga ranar, idan na auna da harsashin roba mai giram 0.20, sai wani harbin ya kai ƙafa 400 a daƙiƙa, na bayansa ya faɗo 340. Na canza zoben robar fistin, na shafa man silikon, na toshe bakin silinda da yatsa, iska ba ta zurarewa. Zargina yana kan robar hop-up (robar da ke gindin bututun bindiga, mai sa harsashi ya juya), wadda nake jin hunturun nan ya busar da ita. Don Allah, yaya zan tabbatar ko bututun iskar da ke tura harsashi yana zama daidai a kan wannan robar?