Soket ɗin banɗakina ya hana ni sakat

Baban Ilham: Salam jama'a. Wallahi na gaji, soket ɗin nan mai maɓallin TEST da RESET da aka sa min a banɗaki tunda ruwan Agusta ya kankama kullum sai ya yanke wuta, in danna RESET hita ta fara ɗumi sai ya sake faɗuwa, yara na shirin makaranta ba ruwan zafi. Kuɗina kawai aka ci aka sa min jabu.

Mai Wayarin Rigasa: Jabu kuma Alhaji? Jabun ai shi ne wanda ba ya faɗuwa. Aikinsa ke nan, yana auna wutar da ta fita ta wayar layif da wadda ta dawo ta wayar nutural, in bambancin ya kai miliam 30 (miliam ƙaramin ma'aunin wuta ne) ya san wuta na zurarewa wani wuri, ko ta bututun ruwa ko ta jikin mutum, sai ya yanke. Ka cire komai ka danna RESET, in ya tsaya ka dinga jona kaya ɗaya bayan ɗaya, zargina elemen ɗin hitar ne ya fashe ruwa na taɓa shi.

Alhaji Kawo: Kai dai kare sana'a kake yi. Jabu ya cika gari, kwali iri ɗaya ciki daban.

Mai Kayan Wuta: Alhaji ka iya bakinka, ba kowane ɗan kasuwa ke sayar da jabu ba. Ku ne za a nuna muku mai kyau ku ce a kawo mai araha, in ya lalace ku zo nan kuna kuka.

Injiniya Malali: Irin na Amurka ma wajen miliam 5 yake yankewa, amma na bolt 120 ne, namu 230. Matsalar masu wayarin ne da ba su yi karatu ba, su haɗa nutural da wayar earth, wato wadda ke sauke wuta cikin ƙasa, a canjin janareta sannan a zagi kaya.

Mai Wayarin Rigasa: Ranka ya daɗe mu da muka koya a Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu ta Kaduna, mu ake kira mu gyara abin da masu takarda suka zana. Ka taɓa hawa silin da rana tsaka a watan Afrilu?

Injiniya Malali: Hawa silin ba ilimi ba ne.

Maman Sadiq: Don Allah Baban Ilham kar ka bari a cire shi a haɗa kai tsaye, banɗaki ne fa da yara. Ka duba ko bangon ya jiƙe, damshi na shiga bayan soket da damina, a kashe wuta daga babban akwati kafin a buɗe.

Alhaji Kawo: Ni dai na ce jabu ne.

Baban Ilham: Har yanzu ba wanda ya ce min in canza shi ko a'a.

Mai Kayan Wuta (admin): To an rufe maganar haka. Abin da aka tattauna shi ne soket ɗin lafiyarsa lau kuma yawancin jama'a sun yarda 'yan kasuwa ba su da laifi, matsalar daga masu wayarin ce ko hita. Baban Ilham ka cire hitar yau ka gani. Duk wanda ya sake kiran kayan mutane jabu ba hujja zan cire shi daga zauren nan.