Yaya Seydou Keïta yake haɗa atamfa da labule mai zane fuska ba ta ɓace ba?

MaiHotonFagge: Assalamu alaikum. Ina da shagon hoto a Fagge, yawancin masu zuwa amare ne da teloli masu tallar ɗinki. Idan mace ta sa atamfa mai zane, na rataya labule mai fure a bayanta, sai hoton ya cakuɗe. Amma hotunan marigayi Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako a ƙasar Mali, zane ne a kan zane, fuska kuma tana fitowa tas. Ina sirrin yake?

Baba_Damagaram: Wa alaikumus salam, ɗana. Hotunansa baƙi da fari ne, launuka ba sa faɗa da juna. Sannan a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, tun da ya buɗe shagonsa a 1948. Labulensa na farko ma zanen gadonsa ne. Duba yadda yake karkata kafaɗar mutum, ya shimfiɗa hannu a kan gwiwa don zobe da awarwaro su fito. Nan gwanintar take.

Hajiya_Tela: Ni abin da ke burge ni, yana ajiye rediyo, agogo, tabarau da Vespa don mai zuwa ya ara. Talaka ya fito kamar attajiri, da mutuncinsa. Kuma ɗaurin ɗankwalin matan nan har yau ina kwaikwaya.

MaiHotonFagge: Na gode, Baba. Gobe zan fitar da labulen waje da hantsi in gwada.

Baba_Damagaram: A inuwa dai, kada rana ta daki matar da za ka ɗauka kai tsaye.