Tsohuwar ƙusa a sabon silin

Baban Ummi: Jama'a ku yi mini alƙalanci. Na ba wani ɗan kafinta aikin silin, na sayo masa ƙusa inci 3 har kilo 2. Dawowata daga kasuwa sai na tarar da yaronsa durƙushe yana miƙar da tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, sababbin kuwa babu su babu dalilinsu. Ƙusar da ta taɓa lanƙwashewa ai wurin ya riga ya yi rauni. Wannan ba cuta ba ce?

Mai Guduma: Dakata, Alhaji. "Ɗan kafinta" kamar yaya? Mutum da iyalinsa da sana'arsa ka ce masa ɗan? Da likita ne za ka ce ɗan likita?

Baban Ummi: Ni ƙusata nake tambaya.

Hajiyar Zoo Road: To ɗan kasuwa fa? Ɗan sanda fa? Su ma raini ne?

Mai Guduma: Hajiya, bambancin a bayyane yake. Ba a cewa "kasuwa ya zo", amma ana cewa "kafinta ya zo". In ka ƙara ɗan, rage shi ka yi.

Malamin Hausa: Ko kuma ubansa ne kafintan, shi ya gada.

Na Panteka: Ku bar wannan. Laifin katakonku ne. Busasshen madaci ko sabuwar ƙusa lanƙwasa ta yake yi in ba a fara hudawa ba. Mu nan Kaduna sabulu muke goga mata, mu dakushe tsinin kaɗan kada itacen ya tsage. Kafintocin Kano sai dai duka kawai.

Ɗan Na'ibawa: Wa ya taɓa yin silin da madaci? Ku da kuka fi ƙwarewa a walda! Ka zo 'Yan Katako ka ga aiki.

Na Panteka: Ga shi kai ma ka kira kanka ɗan.

Ɗan Na'ibawa: Wannan na gari ne, malam, ba na raini ba.

Mai kula da zaure: To, an ji kowa. Abin da ya fito fili shi ne Alhaji ya yi wa masu sana'ar hannu rashin ladabi, ya kamata ya janye. Miƙar da ƙusa kuwa tattali ne. Mahaifina shekara 30 yana tara su a gwangwanin madara, rufinsa bai taɓa faɗowa ba. An rufe.

Baban Ummi: Kilo 2 ɗin fa?